Tsayin Kara Ba Shi Ke Cika Buhun Shammar Ba

Akwai hukuncin da ido ke yankewa a bakin gona tun kafin a kawo ma'auni. A shuka iri biyu ko uku na amfani ɗaya a jere, a kira jama'a su zagaya, za ka ga yawancinsu sun yi cirko-cirko a gaban wanda ya fi tsayi, ya fi duhun ganye, ya fi kaurin kara, suna cewa ai ga iri nan. Manomi yana faɗin haka, dillali yana faɗi, wani lokaci har malamin gona yakan gyaɗa kai. In ka nemi hujja sai a ce maka Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu wannan ra'ayi mutane ne da suka ga damina da rani fiye da yawancin masu rubutu, don haka ba da raini nake tunkarar maganarsu ba. Sai dai ina ganin hukuncin ya yi gaggawa, kuma shammar na cikin tsirran da suka fi fito da wannan gaggawa fili.

Mu a nan busasshensa muka sani, a leda ko a kwalba, a shagon magungunan Musulunci, kusa da hulba da habbatus-sauda. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganinsa a tsaye. Dangin karas ne, asalinsa ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. Ganyensa siri-siri ne, karansa kan kai tsayin mutum har ya wuce in ya samu abin da yake so, furanninsa rawaya ne ƙanana da ke fitowa a dunƙule a kan wani kai mai siffar laima. Kowace laima tana da ƙananan laimomi a jikinta, a kan waɗannan ne 'ya'yan suke. Indiya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, musamman jihohin Gujarat da Rajastan, kuma kasuwar garin Unja da ke Gujarat ita ce babbar matattararsa. Da yake a can abin arzikin dubban gidaje ne, ba a bar zaɓen iri a hannun ido kaɗai ba. A shekarar 2000 gwamnatinsu ta kafa cibiyar bincike ta ƙasa kan kayan ƙamshi masu ƙwaya a kusa da birnin Ajmir. Kafin ita akwai kwalejin aikin gona ta Jobner a Rajastan da tashar bincike ta Jagudan a Gujarat, waɗanda suka daɗe suna tace iri suna sakin sababbi. Abin da zan faɗa ya dogara ne a kan yadda waɗannan wurare suke gwada iri da iri.

Gaskiyar da ke cikin maganar masu duban tsayi ba ƙarama ba ce, kuma sai an ba su ita tukuna. Tsiron da ya tsumbure, ya yi rawaya, ya kasa tashi, ba zai ba da komai ba. Ganye shi ne ɗakin girkin tsiro, wanda ba shi da ganye isasshe ba shi da abin ɗura wa 'ya'ya. A gwaje-gwajen shammar da dama ma an ga tsayi da yawan amfani suna tafiya tare, saboda dogon tsiro sau da yawa yana da gaɓoɓi da yawa, rassa kuwa daga gaɓa suke fitowa. Idan zaɓin tsakanin lafiyayye da majinyaci ne, ido ya isa alƙali. Inda ake samun matsala shi ne in duka biyun lafiyarsu ƙalau, ɗaya dogo ne bisa halittarsa, ɗayan kuma matsakaici ne bisa tasa.

A nan sai mu tambayi kanmu, me ke shiga buhu? Kara ba ya shiga, ganye ba ya shiga. Abin da mai bincike ke durƙusawa ya ƙirga a fili shi ne laima nawa ce a tsiro ɗaya, ƙananan laimomi nawa ne a kowace laima, ƙwaya nawa ce a kowace ƙarama, sannan ya ɗebi ƙwaya dubu ya ɗora a kan sikeli. Waɗannan huɗun, a ninka su da yawan tsirran da ke cikin hekta, su ne amfanin gona. Mu ƙaddara lissafi don a gani. Dogon tsiro yana da laima 18, kowace da ƙananan 22, kowace ƙarama da ƙwaya 16, ya tashi da ƙwaya 6,336. Maƙwabcinsa bai kai shi tsayi ba amma ya fi shi yin rassa daga ƙasa, yana da laima 26, kowace da ƙananan 20 da ƙwaya 16, ya tashi da 8,320. Wanda ya tsaya a bakin kunya dogon zai yaba, domin laimar farko da ke can ƙololuwarsa babba ce mai ɗaukar ido. Laimomin gefe na ɗayan kuwa sai an sunkuya an ɗaga ganye ake ganinsu.

Ga kuma batun wuri. Iri mai faɗin jiki yana bukatar tazara. In aka ba shi santimita 60 tsakanin layuka da 30 tsakanin tsirrai, hekta ɗaya za ta ɗauki kimanin 55,000. Iri mai tattararren jiki da ke iya zama a tazarar 45 da 20 zai kai kimanin 111,000 a fili ɗaya. Ko da kowane tsiro na biyun bai kai na farkon yawan 'ya'ya ba, manomi hekta yake nomawa, da ita kuma ake yi masa lissafi ranar kasuwa.

Abin da ya fi raunana hujjar tsayi a wurina shi ne yadda tsayin kansa ke da saurin ruɗuwa. A zuba wa shammar yuriya fiye da kima, a bi shi da ruwa, zai miƙe ya yi duhu ya yi kyan gani ko wane iri ne shi. A matse shi a shuka, zai yi ta tsere da 'yan'uwansa wajen neman rana, ya yi tsawo ya sirance, rassan ƙasa su mutu a inuwa. A shuka shi da wuri, ya samu dogon sanyi, zai fi wanda aka makara da shi tsayi ko da daga buhu ɗaya aka ɗebo su. Tsiron da ke bakin hanyar ruwa ko a layin ƙarshe, inda babu mai yi masa kishiya ta gefe ɗaya, kullum ya fi na tsakiya ƙoshi, kuma abin takaici shi ne mai zagayawa ya fi gani. Sau da yawa idan mutum ya ce wannan iri ya fi wancan, takin da ruwan da gurbin yake yabo bai sani ba. Shi ya sa masu gwaji ba sa taɓa layukan gefe in sun zo awo, daga tsakiyar fili suke ɗiba.

Sai lokaci. A Rajastan da arewacin Gujarat shammar amfanin sanyi ne, ana shuka shi wajen Oktoba zuwa Nuwamba, da ban-ruwa. Yana son sanyi mara raɓa mai yawa lokacin girma, da bushewar iska lokacin nuna. Amma daga Maris zafi ke fara hawa, kuma zafin da ya sami fure ko ɗanyar ƙwaya yakan bar ta a shanye. Dogon iri yawanci mai jinkiri ne, ya ɓata kwanakinsa yana gina kara kafin ya waiwayi 'ya'ya. Kwalejin Jobner ta saki iri biyu da suka dace da wannan muhawara. RF-101 dogo ne miƙaƙƙe mai ƙarfin kara, yana cin kimanin wata biyar kafin ya nuna. RF-125 gajere ne mai tattararrun laimomi, yana nuna cikin kimanin wata huɗu, kuma a awon da aka sake shi da shi bai kasa dogon ba. Wata guda a ƙasar da ruwan rijiya ke ƙara nisa kowace shekara ba abin wasa ba ne. Ban-ruwa ne da aka huta da shi, kuɗin man inji ne da ya zauna a aljihu, kuma fili ne da ya samu sarari da wuri. A wani ɓangaren kuma, manoman Gujarat da ke renon shammar a gado tun cikin damina su dasa shi wajen Agusta suna da watanni bakwai ko fiye a gabansu, su dogon iri mai jinkiri yana iya yi musu daidai. Iri ɗaya, ya zama alheri a wannan tsari, ya zama wahala a wancan.

Dogon kara yana da wata illa da kowane manomin hatsi ya sani. Laimomi suna yin nauyi daidai lokacin da ake ba da ruwan ƙarshe, ƙasa ta yi laushi, iska ta taso, sai a wayi gari gona ta kwanta. Laimar da ta taɓa laka ta tashi daga sahun farko, launinta ya ɓaci, wata ma ta ruɓe. Cikin duhun gonar da ta cushe kuwa iska ba ta ratsawa, nan cutar da ke ƙona ganyen shammar take samun wurin zama, da wadda ke sa farin gari a jikinsa, da ƙwarin darɓa masu tsotse fure. Mai feshi ma ba ya iya kutsawa ba tare da ya karya rassa ba. Kuma shammar ba a yi masa yankan kai ɗaya kamar alkama, domin laimominsa ba sa nuna tare. Ta tsakiya ce ke fara nuna, sai na rassa, sai na rassan rassa. Masu tsinka, waɗanda galibi mata ne, sukan shiga gona sau da dama suna zaɓen waɗanda suka isa. A tambaye su tsakanin gonar da ta tsaya a ƙirji da wadda ta rufe kai ta kuma kwanta rabi, wacce ta fi saurin aiki.

Indiyawa kam sun riga sun sha darasin kwanciyar dogon kara a wani amfanin. Alkamarsu ta gargajiya doguwa ce, in aka ba ta taki sai ta kife. A 1966 ƙasar ta sayo tan 18,000 na irin gajeriyar alkama daga Meziko, wadda Norman Borlaug da abokan aikinsa suka samar ta hanyar gaurayawa da jinin wata gajeriyar alkamar Japan mai suna Norin 10. A shekarar ce kuma aka saki gajeriyar shinkafa IR8 a Filifin. Sirrinsu shi ne abincin da tsiro zai kashe wa kara ya koma zangarniya. Shammar bai samu juyi irin wannan ba, kuma kuskure ne a ɗauko labarin alkama a ce to yanzu gajere shi ne gwani a ko'ina. Wanda ya ce haka ya sake faɗawa ramin da muke magana a kai, ya dai shiga ta ɗaya bakin. Abin ɗauka kawai shi ne a raba nauyin ƙwaya da nauyin tsiro gaba ɗaya, a ga kaso nawa ne na wahalar manomi ya zama abin sayarwa.

Ko da mun yarda ma'auni ya fi ido, ma'aunin ma bai gama magana ba, domin mai saye ba nauyi kaɗai yake biya ba. Shammar ɗin da ya fi tsada a Indiya shi ne wanda ake kira na Laknau, siriri, kore shar, mai zaƙi, wanda ake taunawa bayan cin abinci. Ana samunsa ne ta hanyar tsinke laima tun ƙwayar ba ta gama cika ba, a shanya ta a inuwa don kada rana ta cinye koren. Manomin da ya yi haka da gangan ya rage nauyin amfaninsa, amma kuɗin kilo ɗaya ya rama masa. A kasuwar Unja launi na cikin abin da dillali ke fara dubawa in ya cusa hannu a buhu, kuma kore da wanda ya koɗe ba farashinsu ɗaya ba ko da gona ɗaya suka fito.

Masu sarrafa magani da shayi a Turai kuma wani abu suke nema daban, wato man da ke cikin ƙwayar, wanda shi ne ƙamshin. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ya raba shammar gida biyu. Mai ɗaci dole ya ba da aƙalla mililita 40 na mai a kowane kilo, kuma a cikin man a samu aƙalla kashi 60 cikin ɗari na sinadarin anitol da kashi 15 na fenkon. Mai zaƙi kuwa aƙalla mililita 20, da anitol kashi 80. Akwai sinadari na uku, estiragol, wanda aka yi wa iyaka, kada ya wuce kashi 5 a mai ɗaci, kashi 10 a mai zaƙi, saboda gwaji a kan ɓeraye ya nuna yawansa na iya cutar da hanta.  Don cika waɗannan sharuɗɗa ne Jamusawa suka tace irinsu kamar Berfena da Magnafena. Masar kuwa, wadda ke noma shi a Fayyum da Minya da Asyut tana fitarwa waje, irinta na gida yana girma lafiya yana ba da 'ya'ya, amma mansa estiragol ne ya rinjaya a ciki, lamarin da ya sa masu bincikensu suka yi ta gwada irin ƙasashen waje a gonakinsu. Babu tsayin kara ko duhun ganye da zai gaya maka wannan. Sai an tafasa ƙwaya an tatsi mai an kai ɗakin gwaji.

A Italiya ma lissafin juyewa yake yi gaba ɗaya. Shammar ɗin da suke ci a matsayin kayan lambu, mai farin gindi da ke kumbura a saman ƙasa, in ya miƙe ya fid da kara to ya lalace ke nan, gindin ya yi tauri. Doguwar rana da zafi ke tunzura shi, kuma masu tace iri a can aikinsu shi ne samar da wanda zai daɗe bai tashi ba. Mai neman gindi da mai neman ƙwaya, abin da ɗaya ke murna da shi ne ɗaya ke kuka da shi.

To yaya ake kwatanta iri da iri a yi adalci? Tushen hanyar ya fito ne daga aikin Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken gona ta Rothamsted a Ingila a 1919. Ba a shuka kowane iri a wuri ɗaya tak. Ana maimaita shi sau uku ko huɗu a sassan fili daban-daban, kuma ƙuri'a ce ke raba gurbi, don kada son zuciyar mai gwaji ya kai ɗan lelensa inda ƙasa ta fi kyau. Rana ɗaya ake shuka, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Ana sa wani sanannen iri a ciki ya zama ma'auni, duk sabon da bai wuce shi ba babu dalilin sakinsa. Ana rubuta ranar da rabin tsirrai suka yi fure, da ranar nuna, da rassa, da laimomi, da nauyin ƙwaya dubu, da mai, da tsayi ma, don shi ma bayani ne, sai dai layi ɗaya ne cikin goma. Daga nan a yi lissafi a ga ko bambancin da aka samu ya fi wanda ƙasa kaɗai za ta iya haifarwa. Sau da yawa iri biyu da ake ta musu a kansu sai lissafi ya ce kunnen doki suka yi.

Gwajin wuri ɗaya a shekara ɗaya ma bai isa ba. Indiya tana da shirin haɗin gwiwa na binciken kayan ƙamshi tun 1971, wanda ke aika iri ɗaya zuwa tashoshi da dama a gwada shi shekaru a jere. Dalilin da ya sa sunayen irinsu ke ɗauke da garuruwa da jihohi ke nan: Gujarat Fennel daga Jagudan, Ajmer Fennel daga Ajmir, Hisar Swarup daga Haryana, Pant Madhurika daga Pantnagar, Co-1 daga Koyambatur a can kudu. Da akwai gwani ɗaya da ke cinye kowa a ko'ina, da ba a sha wahalar tara waɗannan duka ba. Wanda ya zo na ɗaya a yashin Rajastan yana iya komawa tsakiyar jeri a ƙasa mai nauyi, kuma wanda bai taɓa zuwa na ɗaya ba amma bai taɓa faɗuwa ƙasa da na uku ba, ni shi zan ba manomin da ba shi da ajiyar da zai jure shekarar asara.

Akwai wani abu na ƙarshe da ke ɓata wa mai zaɓe da ido lissafi, ko da ya dace ya zaɓi tsiro mai kyau. Furen shammar namijin ɓangarensa ke riga macen nuna, don haka da wuya ya yi wa kansa barbara, ƙudan zuma da sauran ƙwari ne ke ɗauko masa garin fure daga wasu tsirran. Manomin da ya ɗaure ƙyalle a jikin mafi tsayin tsiro ya ce daga nan zan ɗebi irin baɗi, uwa kaɗai ya sani, uban yana iya zama kowane tsiro a gonarsa ko ta maƙwabci. Haka ƙwayar da aka girbe daga filin gwaji, inda iri goma ke jere kafaɗa da kafaɗa, ta dace da sikeli amma ba ta dace da shuka ba. Masu samar da iri na gaskiya nesa suke kai gonarsu da kowace gonar shammar.

Wannan ya shafi duk wanda a cikinmu ya yi sha'awar gwada shi a fadama lokacin hunturu, ganin yadda ake sayensa a kasuwanninmu. Wanda ke cikin kwalbar mai shago ba a san sunan irinsa ba, ba a san shekarar girbinsa ba, kuma in koren nan ne mai tsada, wataƙila tun bai ƙosa ba aka tsinke shi, ba lalle ya tsira da kyau ba. In an samu iri biyu ko uku da aka san asalinsu, a shuka kowanne a fangali uku a warwatse, a bar layin gefe, a tsinke na kowane fangali daban, a shanya a inuwa, a auna, a kai wa mai saye ya shinshina ya faɗi farashi. Sannan a sake yi a hunturu na gaba da sabon iri daga inda aka samo na farko.